Ƙofar Ruwa a Karolina

Barci ne ya kawo ni ƙasar nan, gara in faɗi gaskiya tun da wuri. Kawuna ya ɗora ni a kan rumfar korar tsuntsaye a fadamarmu ta bayan Haɗejiya, ya ba ni majajjawa, ya ce in tsare masa shinkafa daga jan-baki, in kuma na hangi mahaya in faɗa ruwa in ɓuya, don a shekarun nan ƙasa a rikice take da yaƙi. Na ce masa ko ƙuda ba zai gifta ba. Yana juya baya na ci ɗumamen da inna ta ƙunsa mini, iska ta kaɗa, na ce bari in rufe ido ɗaya in bar ɗayan yana gadi. Ashe idanuna ba sa rabuwa. Na farka da igiya a wuya. Shekaruna goma sha uku a lokacin, yanzu ina cikin ta goma sha bakwai.

Sunana Ɗanjuma. A ƙauyenmu ba da ƙarfi aka san ni ba, da baki ne. Ni ne na ga kadan da ya haɗiye kwalekwale har da mai tuƙi, sannan ya tofo hular. Kowa ya san ƙarya nake, amma ba a tashi sai na gama. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya fi yi mini ciwo a tafiyar nan. Yunwa ta yi, igiya ta yi, amma mutumin da bakinsa ba ya hutawa, in aka kai shi inda babu mai jin abin da yake faɗa, an gama da shi.

Hannu biyar na bi kafin in ga teku. Wanda ba zan manta ba shi ne wani falke mai farar riga da dogon carbi, a wata kasuwa ta ƙasar Nufe. Ya ji ina karanta Ƙulhuwallahu, ya tsaya ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Wa ya ɗaure ɗan Musulmi? Yaro, daga ina?"

Na ce Haɗejiya. Ya ce ai yana da aminai a can. Ya sa aka kwance ni, ya saya mini fura, ya karɓi layata ya ce zai adana mini kada ta ɓata, ya ce gida zai kai ni. Kwana goma sha ɗaya ina ɗauke masa kaya ina waƙa. Na lura rana tana fito mini ta hagu, alhali mai komawa gida ta dama ya kamata ta fito masa. Na tambaya, ya ce hanyar yanke ce. Da ƙafata na kai kaina kudu, ko zare bai ɗaura mini ba. Shi ne mutum na ƙarshe da ya yi mini Hausa a wancan gefen teku, kuma maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Tsaya nan, ina zuwa."

Ba zan daɗe a kan jirgin ba. Na ɗauka teku wani kogi ne da ya yi ambaliya, don haka duk lokacin da aka fito da mu shan iska sai in yi ta leƙen ɗaya gaɓar. An haɗa ƙafata da ta wani dogon mutum da ban san yarensa ba. Ban fasa ba shi labari ba, shi kuma yakan gyaɗa kai don ladabi. Wata safiya na yi nisa cikin labari, har na kai wurin da ake dariya, kafin na gane tun ɗazu gawa nake yi wa hira.

Aka sauke mu a wani tsibiri mai yashi, aka tsare mu kwanaki don a ga wanda zai mutu da wanda zai rayu. Waɗanda muka rage aka shafa mana mai muna ƙyalli kamar ƙosai, aka haye da mu wani birni da suke kira Calston, a ƙasar Karolina ta Kudu. Gidajensu dogaye ne, rumfa bisa rumfa, sun ba hanya kafaɗa kamar masu fushi da ita. Abin da ya ba ni mamaki, baƙaƙe sun fi Nasara yawa. Ga mata da tallar kifi da gyaɗa a ka, tafiyarsu irin ta matan gida sak. Na yi ta ƙwala musu, "Sannunku! Sannunku da rana!" Ko waiwayowa. Waɗanda kawai na gane a kasuwar su ne ungulaye, suna takama tsakanin mahauta ba mai korarsu. Wallahi da sun amsa gaisuwa da na rungume su.

Wanda ya saye ni ya sa mini suna Mande, wai Litinin ke nan. Na yi ta nuna masa da yatsu cewa ranar Juma'a aka haife ni, ya ɗauka abinci nake roƙo.

Yini guda muka yi a kwalekwale muna bin wani kogi zuwa gandunsa. Itatuwan bakin ruwa duk furfurar gemu ce ke reto a jikinsu har ƙasa, kamar taron malamai da aka tsayar a rana aka manta da su. Da muka karya wata kwana sai ga abin da ban taɓa tsammani ba. Shinkafa. Fadama ce shimfiɗe iya ganin ido, an yanka ta gida-gida, kowane gida kewaye da jinga ta laka. Daga baya na ji cewa dā duk kurmi ne a cikin ruwa, bayi suka sare shi suna tsaye cikin taɓo har ƙugu, suka ɗebo laka da kwando suka gina jingar nan. Yawancinsu suna kwance a bayan bukkoki, kawunansu yamma, ƙafafu gabas, an kifa musu fasassun tukwane a kan kabari.

Wata tsohuwa da ake kira Iya Bina ce ta karɓe ni. A nan aka haife ta, uwarta ce aka hayo da ita. Na same ta tana surfe a turmi, da taɓarya irin tamu, tana sheƙa a faifai irin namu. Ta zubo mini shinkafa da wake, da miyar kuɓewa a gefe. Na kai loma ɗaya, hawaye suka ƙarasa sauran. Ta ga ina ture naman alade gefe, daga ranar kifi take sa mini. Ita ce kuma ke tsinto mini takardun da nake wannan rubutu a bayansu, da tawadar gawayi, da ɗan ajamin da na koya rabi da rabi. Sai dai yarenta daban, wani gauraye ne na maganar Nasara da ta kakanninsu. Na koyi "zo" da "tafi" da "yi sauri," amma ba a ƙarya mai daɗi da waɗannan.

Wata bakwai na yi haka. Na yi wa kaji hira, na yi wa fartanya hira. Wata rana ina kallon Iya Bina tana kaɗa miya, na nemi sunan abin da ke hannunta na rasa. Kwana biyu ina nema kafin ya faɗo mini: maburgi. Tsoron da na ji a kwana biyun nan ya fi na jirgi.

Ran nan ina ɗauke da kwandon laka, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas. Na ce da ƙarfi, "Allah ya tsine wa lakar nan!"

Sai na ji daga saman jinga, "Me lakar ta yi maka? Kai ne ba ka iya tafiya ba."

Na ɗaga kai. Wani tsoho ne siriri, da doguwar sanda a hannu, fuskarsa cike da tsagen Barebari. Hausar ta yi tsatsa a bakinsa, tana fitowa da ƙyar, amma Hausa ce. Na rarrafa na kama ƙafafunsa, na shafe shi da laka har gwiwa.

"Sake ni, ja'iri, za ka kayar da ni. Ɗan ina ne kai?"

"Haɗejiya, Baba. Ubana masunci ne, uwata Bafillatana."

"La'ilaha illallahu! Na haye teku guda don in huta da Fulani, ga shi an kawo mini bawana har gida."

"Baba, ai kai ne nawa tun kaka da kakanni. Ina gaisuwata?"

Muka yi ta dariya irin ta wasan Fulani da Barebari, har sarkin gandu, bawan da aka ɗora a kanmu, ya gifta da bulalarsa a kafaɗa. Daga nan kowa ya kama bakinsa.

Sunansa Baba Kolo, mutumin wajen Birniwa. An kama shi a hanyar fataucin kanwa tun kafin a haife ni, ya fi shekara ashirin bai ji Hausa ba, bare Barbarci. Shi ne mai ƙofar ruwa, kuma a gandun shinkafa babu bawan da ya kai mai ƙofar ruwa daraja. Ya je ya ce wa wakili, wato Nasaran da ke tsaron gandu, gwiwoyinsa sun gaji, yana son mai taya shi. Aka ba shi ni.

Sai in bayyana aikin, don ɗan Haɗejiya ba zai yarda ba. A gida ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara. A nan kogi sau biyu yake cika a kwana ɗaya, sau biyu ya janye, saboda teku ce ke tura shi tana sakinsa. A ƙarƙashin kowace jinga an binne wani dogon akwatin katako, da ƙofa a baki biyu. In kogi ya cika ka ɗaga ƙofa, ruwa ya shiga gona. In ya janye ka ɗaga ɗayar, ruwa ya fita. Da haka ake shayar da shinkafa, da haka ake nutsar da ciyawa da tsutsa. Na ce wa Baba da za a kai wa kawuna kogin nan da ya aura masa 'yarsa.

Shekara biyu muka yi tare, kuma ba na jin kunyar cewa na yi farin ciki a cikinsu. In zafi ya shigo, mai gandun da iyalinsa sukan gudu Calston don tsoron zazzaɓi, su bar mu da sauro. Sauron Karolina kuwa, biyu sukan ɗaga mutum, na uku ya leƙa ƙarƙashinsa. Muna bin jinga daga ƙofa zuwa ƙofa, ina zuba, Baba yana cewa, "Ƙarya kake, ɗan Fulani, ci gaba." Yakan tambaye ni ko har yanzu ana kama kifi a kan gora, ko kanwa ta yi tsada. In lokacin salla ya yi mu fake a bayan ciyawa mu yi a gaggauce.

Abu ɗaya nake yi masa dariya a kai. Kafin ya ɗaga kowace ƙofa, yana da wata kwalba ɗaure a bakin doguwar sandarsa, da toshiya mai zare. Sai ya zura ta can ƙasa, ya ja zaren, ya fito da ita, ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya tofar.

"Baba, miyar ta ji gishiri? Ko a ƙara daddawa?"

"Zo ka gani, in nuna maka."

"Na gani. Tsoron kada ne ya hana ka sunkuyawa. Af, na ba ka labarin kadan da..."

Haka kullum. Na san gishiri yake nema, ya faɗa mini teku takan hauro kogi in an yi fari. Abin da ban tsaya na ji ba shi ne dalilin tsawon sandar.

A shekara ta uku ruwan sama ya ɗauke. Shinkafa ta kai lokacin da take son ruwa ya tsaya mata har wuya, Baba ya ƙi buɗewa. Kwana tara yana kurɓa yana tofarwa yana girgiza kai. Gona ta tsattsage, ganye ya fara nannaɗewa. Wakili ya zo yana ta ihu fuskarsa jawur, Baba ya miƙa masa kwalbar ya ce ya ɗanɗana, wakili ya ture ta. Ya ce in shinkafar ta mutu, a fatar Baba zai rama. A rana ta goma zazzaɓi ya kayar da Baba. Yana rawar ɗari ya kama hannuna ya ce, "Ka je ka duba jinga kawai. Kada ka taɓa ƙofa."

Na fita da azahar. Kogi ya cika maƙil, yana lasar bakin jinga, ga shinkafa a ɗaya gefen tana mutuwa da ƙishi, tsakaninsu katako ɗaya. Ni ɗan fadama ne. A garinmu in ruwa ya iso, mata guɗa suke yi, maza su fasa masa hanya da fartanya. Ban taɓa jin an mai da ruwa baya ba. Duk da haka na ce bari in yi yadda Baba yake yi. Na bar sandar a bukka, don haka na durƙusa na kamfato da tafin hannu daga sama, na kurɓa. Garɗi kamar ruwan randa. Na sake, haka. Zuciyata ta ce, tsoho ya tsufa, harshensa ya mutu, yau zan cece shi daga bulala, kuma in yi shekara ina yi masa gori. Na ɗaga ƙofa uku. Ina jin ƙasa tana shan ruwan tana cus-cus, har rawa na taka a kan jinga.

Na dawo da gudu. "Baba, tashi ka gaishe ni! Gishirin ya tafi, na shayar da gona uku."

Ya ɗago a hankali. "Da me ka ɗebo?"

"Da hannu."

"Daga sama?"

"To daga ina?"

Ya rufe ido. "Ruwan daɗi sama yake tafiya, Ɗanjuma. Na gishiri nauyi gare shi, ƙasa yake bi. Akwatin kuma a ƙasa yake." Bai ɗaga murya ba. "Sau biyu na fara gaya maka. Kana ba ni labarin kada."

Muka fita yana dafe da kafaɗata, muka jira kogi ya janye muka saki ruwan, amma ƙasa ta riga ta sha. Cikin kwana uku gonakin nan suka yi ja kamar an bi su da wuta, wani farin gari ya fito a bakin laka.

Wakili ya tara mu da safe a gaban rumbu, ya ce wa ya buɗe. Na buɗe baki, sai na ji sandar Baba a ƙaurina. Ya yi gaba ya ce da yarensu shi ne, zazzaɓi ya ruɗa shi. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce da Hausa, "Rufe bakinka, ɗan Fulani. Sau ɗaya dai a rayuwarka."

"Baba, ni ne..."

"Kai in sun fara ba za su tsaya ba, ba ka da amfanin komai a wurinsu. Ni ba su da wani mai ƙofa. Za su yi su bari. Kana so in koma yi wa kifi magana?"

Wakili ya tambayi me yake cewa. Baba ya ce addu'a yake yi.

Na rufe bakina. Aka ɗaure shi a jikin itace. Sarkin gandu ne ya yi dukan, yana yi yana kau da kai, aka sa mu duka mu tsaya mu kalla. Iya Bina ta riƙe ni ta baya, ta danne mini baki da tafinta har na ciji yatsanta, ba ta sake ni ba. Ita ta wanke masa bayan, ta yi sati uku tana shafa masa mai da ganye.

Da ya tashi bai ƙara miƙewa sosai ba. Daga nan har girbi ya koya mini komai: yadda wata ke jan ruwa, yadda ake gane ramin ƙaguwa kafin ya fasa jinga, yadda ake jin katako ya ruɓe da ƙwanƙwasa. Yanzu ina ji, ba na katse shi. Shirun nawa ya dame shi.

"Kai, an yi mini musanyar yaro ne? Yi mini ƙarya ɗaya mana."

"Ba ni da ita, Baba."

"Bafillace ba shi da ƙarya? Ashe tashin duniya ya zo."

Na daure na ce jiya na ga ƙaguwa ta ɗauki fartanyar sarkin gandu ta gama masa aikin yini, har ta nemi ƙari. Ba ta yi daɗi ba, ni ma na sani. Ya yi dariya duk da haka, yana riƙe da haƙarƙari.

Abin da Baba bai hango ba shi ne, da bakinsa ya rushe abin da ya dogara da shi, don da ya koya mini aikin ya samar musu wani mai ƙofa. Da sanyi ya shigo mai gandun ya dawo daga Calston, ya zagaya gonakin nan uku da ba za su yi shinkafa ba sai an shekara ana wanke su. Ya sa aka kira ni, ya ce in buɗe ƙofa in rufe a gabansa. Na ɗauka in na yi da kyau zai ga Baba ya iya koyarwa. Na zura kwalba, na kurɓa, na ɗaga, na sauke, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ya gyaɗa kai ya yi wa wakili magana ƙasa-ƙasa.

Bayan kwana biyar wani mai sayen bayi ya zo, irin masu kai mutane gonakin auduga can cikin tudu. Da hantsi aka sa Baba a kwalekwale tare da mutum huɗu. Na bi su ta kan jinga har inda ta ƙare. Na yi ta kiran wakili ina cewa ni ne, ni na buɗe, amma don ruɗewa da Hausa nake faɗa, ba wanda ya ji sai mutum ɗaya. Ya ɗago hannu daga cikin kwalekwalen.

"Koma, ruwa ya kusa juyawa! Ƙofar gabas tana yoyo, ka duba ta!"

Bayan wata biyu mai tuƙin kwalekwalen ya gaya wa Iya Bina cewa Baba bai kai gonar audugar ba. A kwana na huɗu na tafiyar ƙasa ya faɗi, aka binne shi a gefen hanya, ba wanda ya san wurin. Ni ne mai ƙofar ruwa yanzu. Har yau wakili bai san ni na buɗe ta ba.